Yadda Za Ka Koyi Ilimin Tsoka da Zagayen Jini Daga Jikinka

A shekarata ta farko ta karatun ƙirar jikin ɗan Adam na kwashe kusan mako biyu ina haddace sunayen tsokokin sangalin hannu. Na iya su tiryan-tiryan, ko daga barci aka tashe ni zan jero su. Ranar gwaji malami ya ɗora tsinke a kan wata doguwar tsoka a jikin mutum-mutumin roba. Bai tambaye ni sunanta ba, sai ya ce, "Idan wannan ta ja, me zai motsa?" Na tsaya ina kallonta. Sunan yana bakina, aikin kuwa ban sani ba, alhali irinta tana nan a hannuna, da ita nake riƙe biron da zan rubuta amsar. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma daga ranar na sauya yadda nake karatu.

Hanyar da na koma ita zan shimfiɗa maka. Duk abin da ka karanta, ka neme shi a jikinka, ka taɓa shi, ka zana shi, sannan ka ba shi suna. Kayan aikin ba su da yawa: littafi mai zane mai kyau, farar takarda, fensir ja da shuɗi da baƙi, agogo mai nuna daƙiƙa, da madubi. Sunayen Latin na rubuta su yadda ake furta su, a littafi za ka gan su da nasu rubutun.

Mataki na farko: raba kalmar jijiya gida biyar

A bakinmu jijiya tana ɗauke da kaya da yawa. Wanda ya ce jijiyar ƙafarsa ta riƙe, da ma'aikaciyar jinya da ke lalubar jijiya don ta sa allura, da likitan da ya ce jijiya ta mutu shi ya sa yatsu ba sa motsi, kowa da abin da yake nufi. In ba ka raba su tun farko ba, za su riƙa cakuɗe maka har ƙarshen karatun.

Akwai agara, farar igiya mai tauri da ke ɗaure tsoka da ƙashi. Ka kama bayan diddigenka, wannan kakkaurar igiyar ita ce agara mafi ƙarfi a jiki. Akwai ɗaurin gaɓa, wanda ke haɗa ƙashi da ƙashi, shi ne ke ɗamewa ko ya yage in mutum ya yi targaɗe. Akwai jijiyar saƙo, mai kai umarni daga ƙwaƙwalwa da laka zuwa tsoka, ta kuma dawo da labarin zafi da sanyi da taɓi. In ka taɓa buge gwiwar hannunka ka ji wani abu ya tsarga har ƙaramin yatsa, ita ka buga. Sauran biyun na jini ne, ɗaya mai fita da jini daga zuciya, ɗaya mai dawo da shi. A nan zan riƙa cewa jijiya mai fita da jijiya mai dawowa.

Ka kuma san tsayuwar da duk littattafai suke aunawa da ita: mutum a tsaye, fuska gaba, hannaye a gefe, tafin hannu yana kallon gaba. Dama da hagu kullum na mai jikin ne. Damar zanen da ke fuskantarka tana hagunka, kuma wannan ƙaramin abu ya kayar da ɗalibai da yawa a zanen zuciya.

Mataki na biyu: ƙashi kafin tsoka

Baligi yana da ƙasusuwa 206, amma ba ka bukatar dukkansu kafin ka fara. Abin da kake nema shi ne tudu da ƙullutu da gefen da tsoka ke kamawa. Ka ba wannan kwana uku ko huɗu. Ka bi ƙashin da ke kwance ƙarƙashin wuyanka da yatsa daga ƙirji har kafaɗa. Ka lalubi tsinin gwiwar hannu da ƙullutai biyu da ke gefenta. Ka nemo bakin ƙashin ƙugu, da ƙoƙon gwiwa, da kaifin ƙwauri, da idon sawu na ciki da na waje. A sangalin hannu ƙasusuwa biyu ne, na wajen babban yatsa da na wajen ƙaramin yatsa. Ka riƙe wannan, yanzu za mu bukace shi.

Mataki na uku: yi wa kowace tsoka tambaya huɗu

Tsokokin da ke jikin ƙashi sun haura 600, kuma sukan kai kusan kashi 40 cikin 100 na nauyin namiji baligi. Adadin yana da ban tsoro sai ka gane ƙa'ida ɗaya da ta hau kansu duka: tsoka ja take yi, ba ta turi. Ko lokacin da kake tura ƙofa, wata tsoka ce a bayan damtse take jan ƙashi don hannun ya miƙe. Saboda haka in ka san inda tsoka ta taso da inda ta kama, ka san aikinta tun kafin a gaya maka. Tambayoyin su ne: ina tushenta, ina makamarta, wace gaɓa ta tsallaka, wace jijiyar saƙo ke ba ta umarni.

Mu gwada da ƙwanji, wanda littafi ke kira baiseps. Tushensa biyu ne, duka a allon kafaɗa. Ya gangaro ta gaban damtse, ya tsallaka gwiwar hannu, ya kama ƙashin sangali na wajen babban yatsa. Kowa ya san yana lanƙwasa hannu. Yanzu ka lanƙwasa hannun damanka, tafin yana kallon ƙasa, ka ɗora hannun hagu a kan ƙwanjin. Ka juya tafin sama a hankali. Za ka ji tsokar ta dunƙule ta hau sama ƙarƙashin yatsunka, alhali gwiwar hannun ba ta motsa ba. Ka sake kife tafin, ta saki. Dalilin shi ne agararsa tana naɗe a jikin ƙashin da ke juyawa, in ta ja sai ta warware shi. Da wannan aikin ake ɗaure kusa mai zare da hannun dama. Duk wanda ya ji wannan dunƙulewar sau ɗaya ba zai sake mantawa da aikin ƙwanji na biyu ba. Gani ya kori ji, taɓi kuma ya fi gani zama a rai.

Daga nan ka zagaya bayan damtse ka sami abokin jayayyarsa, tiraiseps, wanda ya kama tsinin gwiwar hannu yana miƙe ta. Haka suke ko'ina, gaba da baya, in ɗaya ya ja ɗaya ya sassauta. Kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: ƙarƙashin ƙwanji akwai wata tsoka a ɓoye, birakiyalis, wadda ke yin babban kaso na lanƙwasa hannu, a kafaɗa kuma wasu suna riƙe allon kada ya gusa.

Sai yanzu ka waiwayi sunaye, za ka tarar yawancinsu bayani ne aka dunƙule. Baiseps mai kai biyu, tiraiseps mai kai uku, kwadiriseps na gaban cinya mai kai huɗu. Longus dogo, birebis gajere, maksimus babba, rektus miƙaƙƙe. Fileksa mai lanƙwasawa, ekstensa mai miƙewa. Deltoyid ta kafaɗa ta samo suna daga harafin Girka mai kusurwa uku. Wadda ta fi ba ɗalibai tsoro, istanokilidomastoyid, adireshi ne kawai: ƙashin ƙirji, ƙashin ƙarƙashin wuya, da ƙullutun bayan kunne. Ka tsaya gaban madubi ka juya kanka hagu, za ka ga ta dama ta fito kamar igiya daga bayan kunne zuwa gindin wuya.

Shawarata mai ƙarfi ita ce ka koyi tsokoki gida-gida. A hannu da ƙafa tantani ya raba su ɗaki-ɗaki, kuma 'yan ɗaki ɗaya sukan yi aiki iri ɗaya, sukan karɓi umarni daga jijiyar saƙo ɗaya. Gaban cinya yana miƙe gwiwa, bayan cinya yana lanƙwasa ta, cikin cinya yana matse ƙafafu. Gaban sangalin hannu yana dunƙule yatsu, bayansa yana buɗe su. In ka riƙe dokar ɗakin, sai ka haddace 'yan tsirarun da suka saɓa mata. Da na san wannan tun farko, da mako biyun nan nawa bai tafi a banza ba.

Mataki na huɗu: shiga cikin tsokar

Ka ɗauki tsoka kamar igiyar da aka tufka. In ka warware ta za ka sami dami-dami, cikin kowane dami akwai zaruruwa, kowane zare ƙwayar halitta ce guda, doguwa. Cikin zaren kuma akwai wasu da suka fi siranta, an jera su gaɓa-gaɓa kamar kara. Kowace gaɓa sunanta sakomiya, tsawonta kusan maikuromita 2, wato ka raba milimita ɗaya gida 1,000 ka ɗauki biyu. A cikinta furotin iri biyu suke kwance a saƙe: aktin siriri, da mayosin mai kauri da kawuna a gefensa.

An daɗe ana zaton waɗannan zaruruwan tsukewa suke yi. A 1954 rukunin masana biyu, Andrew Huxley da Rolf Niedergerke a gefe guda, Hugh Huxley da Jean Hanson a ɗaya gefen, suka nuna cewa tsawonsu ba ya sauyawa, zamewa suke yi su shige tsakanin juna. Ka saƙa yatsun hannayenka biyu ka tura su ciki, yatsun ba su gajarta ba amma tafukan sun kusanci juna. Sakomiya ke nan.

Ka koyi jerin abin da ke faruwa kamar labari, ka riƙa faɗinsa da baki. Saƙo ya iso ƙarshen jijiya, ta saki sinadarin asetilkolin. Sinadarin ya taɓa fatar zaren tsoka, wutar lantarki ta ruga a kanta ta nutsa ciki ta wasu siraran bututai. Ma'ajiyar kalsiyam da ke cikin zaren ta buɗe. Kalsiyam ya kama furotin turoponin, shi kuma ya janye turopomayosin, wanda da yake rufe da wuraren kamawa a jikin aktin. Kawunan mayosin suka kama aktin suka ja, suka saki, suka sake kamawa gaba, kamar mai jan igiyar rijiya hannu bi hannu, ba ya sakin hannu biyu lokaci guda.

Wurin da ake yawan kuskure shi ne aikin ATP, sinadarin da ke ɗauke da kuzari. Kan mayosin ba zai saki aktin ba sai sabon ATP ya zo ya hau shi, kuma mayar da kalsiyam ma'ajiyarsa shi ma ATP yake ci. Wato sakin tsoka ma kuzari yake bukata. Shi ya sa gawa take sandarewa 'yan sa'o'i bayan mutuwa: ATP ya ƙare, kawunan sun kama ba mai sakinsu.

Kowane siririn zare da ke cikin jijiyar saƙo yana iko da rukunin zaruruwan tsoka. A tsokar ido rukunin ƙarami ne, zare goma ko kusa da haka, don aikin yana son natsuwa. A sharaɓa rukuni ɗaya yana iya haura zare 1,000. In kana son ƙarin ƙarfi, ƙwaƙwalwa tana ƙara kiran rukunai ne. Ka lura kuma tsoka tana iya aiki tana tsawo. Ka ɗauki bokitin ruwa ka sauke shi a hankali, hannunka ɗaya a kan ƙwanji: yana da tauri alhali hannun miƙewa yake yi. Irin wannan aikin ne ya fi jawo ciwon jikin da ke zuwa kwana ɗaya ko biyu bayan motsa jiki.

ATP ɗin da ke ajiye a tsoka na daƙiƙoƙi kaɗan ne. Sinadarin kiriyatin fosfet ya ƙara mata kamar daƙiƙa 10. Bayan nan tana iya fasa sukari ba tare da oksijin ba na ɗan lokaci, amma aiki mai tsawo dole sai da oksijin, oksijin kuwa jini ke kawo shi. Kafin mu tsallaka, ka riƙe cewa tsoka iri uku ce: ta jikin ƙashi da kake iko da ita, santsin tsoka da ke bangon hanji da jijiyoyin jini, da tsokar zuciya. Biyun ƙarshe su ne ma'aikatan zagayen jini.

Mataki na biyar: bi ɗigon jini ɗaya

Kada ka fara da zanen zuciya na littafi, bututansa sun yi yawa. Ka zana akwati ka raba shi huɗu. Ɗakuna biyu na sama masu karɓa ne, biyu na ƙasa masu turawa. Ka rubuta dama a hagunka. Ɓangaren dama ka shafa shuɗi, na hagu ja. Shuɗin alama ce kawai, jinin da ya rasa oksijin ja ne mai duhu.

Yanzu ka ɗauki ɗigon jini daga sharaɓarka ka raka shi. Ya hau ta jijiyoyi masu dawowa, ya shiga babbar mai dawowa ta ƙasa, bena kaba, ya faɗa ɗakin sama na dama. Ya wuce ƙyaure mai ganye uku, wanda ke hana jini komawa baya, zuwa ɗakin ƙasa na dama. Aka tura shi ta ƙyauren huhu zuwa jijiyar huhu. A huhu ya sauke kabon dayoksaid ya ɗauki oksijin, ya dawo ta jijiyoyi huɗu zuwa ɗakin sama na hagu. Ya wuce ƙyaure mai ganye biyu, maitiral, zuwa ɗakin ƙasa na hagu, aka harba shi ta ƙyauren awota, babbar mai fita. Awota ta lanƙwasa ta gangaro gaban ƙashin baya, ta rabu biyu daidai wajen cibiya. Reshen ya bi ta matsematsi, ya sauka cinya, ya zagaya bayan gwiwa, ya koma sharaɓar da ya baro. Ka zana wannan ba tare da duba littafi ba, kullum sau ɗaya, har ya zama ba ka tsayawa tunani.

A nan za ka ga amfanin sunayen da muka zaɓa. Jijiyar da ke zuwa huhu mai fita ce amma jininta ba shi da oksijin sosai, huɗun da ke dawowa daga huhu kuma jininsu ya fi ko'ina oksijin. Alkiblar tafiya ce ke raba su. Wanda ya haddace cewa mai fita ita ce mai tsabtataccen jini, a huhu zai yi tuntuɓe.

Wannan hanyar ta huhu tana da tarihi da nake so ka sani. Galen, likitan Girka na ƙarni na 2, ya koyar da cewa jini yana ratsa bangon tsakiyar zuciya ta wasu ƙofofi da ido ba ya gani, aka bi shi fiye da shekara dubu. Ibn Nafis, wanda ya yi karatu a Dimashƙa ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, shi ya rubuta a sharhinsa kan littafin Ibn Sina cewa bangon ba shi da ƙofa, dole jini ya bi ta huhu. A 1628 William Harvey na Ingila ya nuna cewa jini zagaye yake yi a jiki duka. Abin da bai gani ba shi ne mahaɗar masu fita da masu dawowa. Ya rasu a 1657, sai a 1661 Marcello Malpighi na Italiya ya hango siraran jijiyoyin, kafilari, a huhun kwaɗo da madubin ƙara girma.

Mataki na shida: gwada ƙyaure da hannunka

Gwajin Harvey yana nan a bayan hannunka. Ka saki hannun ƙasa har jijiyoyin su cika su fito. Ka zaɓi ɗaya miƙaƙƙiya, ka danne ta da yatsa ɗaya wajen yatsu. Da wani yatsan ka share jinin sama wajen wuyan hannu, sannan ka ɗage na saman kawai. Za ka ga wani yanki ya zauna a lafe, babu jini, ya tsaya cak a wani wuri. Nan ƙyaure yake, ya hana jini komawa baya. Ka ɗage yatsan ƙasa, nan take jijiyar ta cika daga ƙasa. Ranar da na fara ganin wannan na maimaita shi ya fi sau goma.

In ɗakin gwajinku yana ba da zuciyar tunkiya, kada ka bari ta wuce ka, ƙirarta kusan ɗaya da ta mutum. Ka sa safar hannu. Ka matsa ɓangarorin biyu na ƙasa kafin a yanka, ɗaya yana lotsawa, ɗaya yana da tauri. Mai taurin shi ne hagu, kaurin bangonsa ya kai kusan ninki uku na dama. Ka zuba ruwa ta bakin awota ka leƙa, za ka ga ganyaye uku sun cika kamar aljihu sun haɗe baki. Sama da su kaɗan akwai ƙananan ramuka biyu, mafarin jijiyoyin da ke ciyar da ita kanta zuciyar. In aka buɗe ɗakin ƙasa za ka ga fararen zaruruwa sun ɗaure ganyen ƙyaure da bango don kada ya kife baya. Idan kuma makarantarku tana koyarwa da gawar mutum, ka shiga da ladabi, wani ne ya ba ka jikinsa ka yi karatu.

Mataki na bakwai: sa lissafi a kai

Ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta wajen babban yatsa, ka ƙirga bugu na daƙiƙa 30 ka ninka biyu. Kada ka sa babban yatsa, yana da nasa bugun. Baligi a zaune yakan samu tsakanin 60 da 100 a minti. In za ka gwada na wuya, gefe ɗaya kawai, kuma a hankali.

Kowane bugu yana fitar da kusan mililita 70. In bugunka 70 ne, 70 sau 70 ya ba da 4,900, kusan lita 5 a minti. Jinin jikin baligi gaba ɗaya shi ma kusan lita 5 ne. Wato a minti guda zuciya tana tura kwatankwacin jininka duka. Irin wannan lissafin ne ya gamsar da Harvey cewa ba zai yiwu a ce jiki yana ƙera sabon jini yana cinye shi ba.

Awon jini na 120 bisa 80 shi ma labarin zuciya ne: na sama lokacin da ɗakin ƙasa na hagu ya matsa, na ƙasa lokacin da ya saki yana cika. A jijiyar huhu na saman kusan 25 ne kawai, ka ga dalilin bambancin kaurin da ka taɓa da hannu. Wurin da ake daidaita matsin shi ne ƙananan rassan masu fita, inda santsin tsoka ya zagaye bututun. Likitan Faransa Poiseuille ya nuna cewa in faɗin bututu ya ragu da rabi, wahalar wucewar ruwa tana ninkuwa sau 16. Ƙaramar tsukewa ke nan tana iya ɗaga awon jini sosai.

Wutar zuciya daga cikinta take tashi. Wani ƙulli a bangon ɗakin sama na dama ke kunna kowane bugu. Wutar ta ratsa ɗakunan sama, ta iso ƙulli na biyu a tsakiya, a nan ta dakata kamar kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa don ɗakunan ƙasa su gama cika, sannan ta gangara bangon tsakiya ta bazu daga ƙasa. In ka samu abin sauraron ƙirji, ka ɗora shi a hagu tsakanin haƙarƙari na biyar da na shida. Sautin farko rufewar ƙyamaren da ke tsakanin sama da ƙasa ne, na biyu rufewar na awota da na huhu.

Mataki na takwas: haɗa su wuri ɗaya

Ka ƙirga bugunka a zaune ka rubuta. Ka tashi ka durƙusa ka miƙe sau 20, ka sake ƙirgawa nan take, sannan bayan minti ɗaya, sannan bayan uku. Yanzu ka yi wa kanka bayanin abin da ya faru. Cinyoyi sun ƙone ATP, oksijin ya ragu a cikinsu, kabon dayoksaid da zafi sun ƙaru, waɗannan suka sa santsin tsokar ƙananan jijiyoyin wurin ya saki. Jini ya kwararo. A zaune tsokoki suna samun kusan kashi 20 cikin 100 na abin da zuciya ke turawa, a aiki mai tsanani sukan kai kashi 80, zuciyar matashi mai lafiya kuma tana iya kai lita 20 zuwa 25 a minti. A kafilari, inda bangon ƙwayar halitta ɗaya ce tak kuma jajayen ƙwayoyin jini ke wucewa ɗaya bayan ɗaya, himogulobin, furotin da ke ɗauke da oksijin a cikin ƙwayoyin, ya fi saurin sakin oksijin in wurin ya yi zafi da tsami. Tsokar da ta fi wahala ita ta fi samu.

Tsoka kuma tana rama alherin. Kusan kashi biyu cikin uku na jini yana zaune ne a jijiyoyi masu dawowa, inda matsi ya yi ƙasa sosai. Duk takun da ka yi, sharaɓa tana matse jijiyoyin da ke cikinta, ƙyamaren da ka gani a bayan hannu suna hana shi komawa, dole ya hau. Shi ya sa ƙafa ke kumbura in an daɗe a zaune a doguwar tafiya, kuma shi ya sa mai tsayuwa ƙyam ba motsi yake iya yanke jiki ya faɗi.

Mataki na tara: riƙe abin da ka koya

Tun 1885 Hermann Ebbinghaus na Jamus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko. Maimaita karanta shafi yana sa ka ji kamar ka iya, amma rufe littafi ka zana daga ka shi ne ke nuna gaskiya. Ka zana yau, ka sake gobe, sai bayan kwana uku, sai bayan mako. Inda ka yi kuskure ka gyara da wani launi don idonka ya riƙa faɗawa kansa. Ka nemi abokin karatu ku riƙa yi wa juna irin tambayar da malamina ya yi mini, ku ƙara da wata: in wannan ya lalace, me za a gani?

Ka lalubi gefen gwiwarka na waje, ƙasa kaɗan akwai ƙullutun ƙashi. Wata jijiyar saƙo tana zagaye wuyansa daf da fata, ita ke ba ɗakin gaban ƙwauri umarni. 'Yan wannan ɗakin su ke ɗaga ƙafa sama daga idon sawu. In karaya ko matsattsen ɗauri ya taɓa jijiyar, ƙafar za ta riƙa lilo ƙasa, mutum ya dinga ɗaga gwiwa sosai don kada yatsunsa su ja ƙasa.

Ka yi haka da zuciya, kana bin ɗigon jininka da baya. In ɗakin ƙasa na dama ya gaza, cunkoson yana komawa bena kaba, sai jijiyoyin wuya su cika, hanta ta kumbura, ƙafafu su tara ruwa. In na hagu ne ya gaza, bayansa ɗakin sama na hagu ne, bayan wannan kuma huhu. Ruwa zai tsattsafo cikin huhu, numfashi ya yi wuya. In mai ciwon ya kwanta a miƙe, jinin da ke ƙafafu da ciki zai gangaro ƙirji ya ƙara wa huhun kaya, sai ka same shi ya tara matasan kai biyu ko uku a bayansa, ko ya kwana a zaune.